Keken Katako Mai Ƙafa Uku

Maman 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya ƙafar Inna? Ni ƙalau nake. Yatsan da zarto ya taɓa ya warke, tara da rabin da suka rage suna gaishe ki.

Hutun nan dai babu shi. Manaja ya ce aikin kujeru ya taru, in bari sai baɗi. Bara ma haka ya ce, har na haddace, ni da ban taɓa haddace komai a aji ba.

Wata biyar ina haɗa wa 'Yar Baba keke mai ƙafa uku da guntayen katakon da ake zubarwa. Na shafa masa jan fenti. Da tsawonta na ranar da na taho na auna, daidai gwiwata. Sai ga hoton da kika aiko: tana kan keken ƙarfe mai ƙafa biyu, ƙanena na gudu a bayanta. Yanzu a kan nawa keken nake shanya safa.

Ki ce wa ƙanena na gode, Allah ya saka. Karatu ma ya koya mata, ni ko ina gida ba iyawa zan yi ba. Amma ki roƙe shi ya rage mini abu ɗaya. Ko ɗaurin igiyar takalmi ne, kada kowa ya nuna mata. Ta yi ta sa silifa har in zo.

Mijinki kafinta