Yatsan da Ba Nawa Ba

Shumaisi, Riyad
4 ga Maris, 2015

Zuwa ga ɗana Mukhtari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Zouera. Yaya tarin nan naka? Kada ka ce mini ya tafi, na ji shi a waya.

Ƙanwarka Delou ta faɗa mini garinmu ya rabu biyu kan sabuwar tashar wutar lantarki da za a gina a madadin tsohuwar da kake wa aiki, ita ma mai ƙona kwal. Ta ce kai ne kake yawo gida-gida da takardar masu goyon baya, kuma ta ga sunana a ciki, an dangwala yatsa a gabansa. Shekara shida ina Riyad ina wanke-wanke a gidan Larabawa. Yatsan wa ka dangwala?

Ka ɗauka har yanzu ni ce wadda ake kama wa hannu a danna a tawada. To wannan rubutuna ne, da furfurata na koya a nan, a wurin wata Malama Jamilatu. Shekara ashirin mahaifinka yana zuba kwal a tashar nan, ni na riƙa wanke tsummokaran da yake tofa baƙin kaki a ciki har ya rasu. Ni za ka sa in ce a ƙaro wata?

Ka cire sunana. In ba haka ba, zan rubuta wa magajin gari da hannuna.

Mahaifiyarka,
Zeinabou

Shumaisi, Riyad
19 ga Afrilu, 2015

Mukhtari,

Ina gaishe ka. Ka je an duba ƙirjin naka kuwa?

Takardarka ta iso ta hannun direban gidan da nake aiki, wanda ya dawo daga hutu. Ka ce in tsohuwar ta rufe ba a gina sabuwa ba, ba ka da aiki, asibitin gari ma zai zauna a duhu. Ka ce in na kai ƙara za a bincika yatsun duka, a kore ka, wataƙila har a ɗaure ka. Ashe yatsan Zouera ne. Da cikinta wata bakwai ka jefa ta cikin wannan.

Na riga na rubuta wasiƙar magajin gari, sau uku ina sake ta don kada su yi wa rubutuna dariya. Jiya na yage ta. Ban yarda da tashar ba, ba zan yarda ba, amma ba ni zan kai ka gidan yari ba. Sunana zai zauna cikin masu neman hayaƙin da ya kashe mijina, kuma kai ka jawo mini.

Ka gaida Zouera, Allah Ya sauke ta lafiya. Kada ka kira ni ranar Juma'a, ba zan ɗauka ba tukuna.

Mahaifiyarka,
Zeinabou