An Kira Aikin Karatuna Bairos, An Karya Faifaina

Saloma Ishaya,
Ɗalibar shekara ta biyu,
Sashen Kimiyyar Kwamfuta.
13 ga Maris, 2006.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashe,
Cibiyar Fasaha ta Tudun Haske, Zuru.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KARYA FAIFAN AIKINA DA HANA NI SHIGA ƊAKIN KWAMFUTA

Bayan gaisuwa da ladabi, ina roƙon izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun watan Nuwamba malaminmu, Malam Yusha'u, ya ba mu aikin rubuta ƙaramin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tayar da kwamfuta ta kuma raba mata aiki. Wata huɗu na yi a kansa kafin nawa ya iya tashi daga faifan fulofi, ya karanta abin da aka buga, ya gudanar da aiki biyu bi da bi.

2. Ranar Alhamis, 9 ga wata, ina cikin gwaji a kwamfuta ta shida aka ɗauke wuta, aka ce kowa ya fita. Na manta faifan a ciki. Wannan kuskurena ne, ban musa ba.

3. Washegari mai kula da ɗakin, Malam Talle, ya kunna kwamfutar, sai ta tashi daga faifaina. Ya ga baƙin allo da farin rubutu da sunana a sama, ya yanke hukunci cewa bairos ne, wato manhaja mai lalata kwamfuta. Da ya zare faifan ya sake kunnawa, da ya ga komai lafiya lau. Bai yi haka ba. Ya karya shi a gaban ɗalibai, ya karɓi na ajiya daga hannuna, shi ma ya karya. Na yi ta bayani, ya ce bai ga ranar da ɗaliba za ta koya masa aikinsa ba. Ranka ya daɗe, wane mai ɓarna ne zai rubuta sunansa a kan ɓarnar?

4. Yanzu an manna sunana a allon sanarwa, an hana ni shiga ɗakin. Maganar har ta kai Sakaba, inda mahaifiyata ta ji a bakin coci cewa 'yarta ta lalata kayan makaranta. Malam Yusha'u, wanda zai shaide ni, yana Bena yana jinyar mahaifinsa. Ranar 27 ga wata za a duba aikin, wanda ba shi da shi kuwa zai maimaita shekara. Gaskiya hankalina a tashe yake.

Saboda haka ina roƙon a cire sanarwar, a bar ni in shiga ɗakin, a ƙara mini mako uku. Ban nemi a hukunta kowa ba. Rabin aikin yana nan da biro a littafina, sauran yana kaina. Idan na gama, ina roƙon a kunna shi a gaban Malam Talle.

Ina mai matuƙar biyayya da fatan za a dube ni,

Saloma Ishaya