Waya ɗaya, gona biyu

Daren Laraba, 12 ga Maris

Yau tuwo ya yi mini daɗi. Manhajar rabon takin nan da za a saki gobe, duk mu masu gwaji mun bi ta, an ce lafiya lau. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na tuna a nan Watari waya ɗaya Baba da Baffa Sule suke amfani da ita, sai na yi wa gona biyu rajista da lamba ɗaya. Nan take gonar farko ta ɓace.

Da na tura rahoto, sai oganmu na wurin aiki ya kira ni: "Hadiza, wa ya ce ki gwada wannan?"

Na ce, "Ba kowa, yallaɓai. Haka gidanmu yake."

An ɗage sakin. Baba na can yana minshari, bai san na ceci takinsa na bana ba.