Sarkin Farisa Mai In-ina

Litinin, 3 ga Yuni

Shugaban makaranta yana son wasan kwaikwayo ranar ba da kyaututtuka, ya ce ni malamin tarihi ni zan shirya. Na zaɓi yaƙin Farisawa da Girkawa. Yadda Sarki Zaksis ya kwaso runduna iya ganin ido don ya rama kashin da aka ba ubansa Dariyus, guguwa ta karya masa gada, ya sa aka yi wa teku bulala. Ƙarshe ya zauna kan tudu yana kallo Girkawa suna nutsar da jiragensa. Labari ne mai daɗi, amma mutanen ƙauyenmu barci za su yi in babu dariya.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na samu sarkina. Sabiru ɗan Dabo mai facin taya, na aji biyar, dogo, mai in-ina. Na ba shi layin ya karanta: “Ni ne sarkin sarakuna.” Ya maƙale a “sa-sa-sa” har jijiyar wuyansa ta miƙe. Ajin ya kife da dariya. Ni ma sai da na juya ga allo.

Na ce masa tsayinsa ne ya dace da sarauta. Ya yarda.

Talata, 25 ga Yuni

Na ƙara masa kalmomi masu “sa” da “ta”, da gangan. Ikrima, mai fitowa a jarumin Girkawa, ya iya tsayawa yana jiransa yana duba agogon da babu a hannunsa. Yaron nan ɗan wasa ne.

Uwar Sabiru, Hure mai waina a bakin tasha, ta aiko min da waina cike da kwano. Wai ta gode da na ɗaukaka ɗanta. Ta yi daɗi, har da miyar taushe.

Laraba, 10 ga Yuli

Sabiru ya tare ni a bayan aji. Ya daɗe kafin ya fitar da ita: a ba wani sarautar, shi zai riƙe mashi kawai. Ashe ya gane. Na ce, “Uwarka ta yanka zaninta na biki ta ɗinka maka alkyabba, kai za ka je ka gaya mata ka fasa?” Ya sunkuyar da kai. Shi ke nan.

Asabar, 20 ga Yuli

Alhamdulillahi! Ban taɓa ganin taro ya yi dariya haka ba. Da Sabiru ya ɗaga dorina kan shuɗin yadin da muka yi teku da shi, ya kasa cewa “teku”, wani daga baya ya ƙarasa masa, fili ya ɗauka. Manyan baƙi har da share hawaye. Ya tsaya cak da kambun kwali a ka, gumi na zuba, na yi masa alama ya ci gaba. Ya ci gaba kuwa, har ƙarshe.

Dabo yana layin gaba. Tun a tsakiya ya sa takalmansa ya fita. Hure ta zauna, mayafi a baki.

Shugaba ya ce za a kai wasan gasar ƙaramar hukuma.

Lahadi, 28 ga Yuli

Kasuwar Ɗanbatta. Yara sun biyo Sabiru a layin 'yan gyaɗa suna “Sa-sa-sarki, ina teku?” Wani ya ɗauki wasan a waya, ya zaga ko'ina. Na sayi takin da na je saya na dawo.

Laraba, 25 ga Satumba

An koma makaranta, Sabiru bai zo ba. Gasa ta matso. Na je gidansu da la'asar, Dabo yana ba taya iska, bai ɗago ba. Ya ce yaro ya bi motar shanu zuwa kudu tun kafin a yanke gero, kuma kafin ya tafi ya daina magana ɗungurungum, ko da uwarsa, sai nuni da hannu. Hure ta leƙo daga zaure. “Malam, kwanona yana wajenka.” Iyakar abin da ta ce.

Mutane akwai ɗaukar abu da zafi. Wasa ne fa. Shi kansa Zaksis ɗin ai an fi haka yi masa dariya.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ikrima ya ce shi zai yi sarkin, ya iya kwaikwayon in-inar. Ya gwada, kamar an tsaga kara, har jijiyar wuyan. Na ba shi. Gasa gasa ce, kuma za mu ci.

Da suka fara gwaji sai na bar su da monita na fita gindin darbejiya. Ajin ne ya cika zafi. Daga can ma ana jiyo su, sai na ƙara gaba, har bakin gonar dawa, na tsaya ina kallon zangarniya har aka kaɗa ƙararrawa.