Matuƙin da Baba Ya Mayar Gida

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, tsayuwar ɗakin wankin otal ce kawai ke kumbura min ƙafa, ita ma na saba.

Ka tuna wasan kwaikwayon jirgin sararin samaniya da muke kallo a talabijin muna yara? Injin jirgin matuƙin ya mutu a wata duniya, kashi na ƙarshe kuma ya ɓace, ba a taɓa nunawa ba. Da kukanmu ya ishi Baba, ya ce ai matuƙin ya gyara injin da wayar keke, ya sauka a ƙofar gidansu.

To, an tsinci faifan a wani tsohon sito, jiya aka nuna. Shugabarmu ta hana ni fita, na ajiye mata dutsen guga na tafi kallo.

Yaya, matuƙin bai koma gida ba. Can ya tsufa yana cewa sai baɗi.

Kada ka gaya wa Baba. Ka ce masa na gani, yadda ya faɗa haka aka yi. Kwantiragina na ƙarewa, ba zan sabunta ba. Inna ta sa a share min ɗakina.

Ƙaninka