Kitson Inna Kafin Duhu

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aiki, ya kewar gida?

Kin tambayi jikin Inna. Ƙirjin ya yi sauƙi, tarin ma ya lafa. Da safe ras take. Za ta gane ni, ta aike ni, ta ce shayin ya cika sukari, sannan ta tambayi yaushe Gimbiyarta za ta zo. Ni da na rufe shagona nake kwana a kujerar roba a asibiti, ko sannu ban samu ba. Ke da kike aiko murya ta waya, ke ce 'yar albarka.

Matsalar yamma ce. Da rana ta karkata sai Inna ta zama wata daban. Ta yi ta leƙen taga, tana lalube a ƙarƙashin matashi, ta fizge robar ƙarin ruwa, ta fashe da kuka wai an sace mata tsinken kitso. Jiya ni ta nuna wa nas, ta ce ga ɓarauniyar. Likita ya ce tsofaffi da yawa kan ruɗe haka idan haske ya ja, balle a wurin da ba su saba ba. Ya ce mu kunna fitila da wuri, mu rage hayaniya. Mun yi, a banza. Sunanki kawai take kira, wai duhu zai yi ba ta gama miki kai ba.

Ki zo, Yaya. Na gaji da jin sunanki a bakin da nake ba abinci.

Ki gaida yara.
Ƙanwarki, Tsintsiya

Yayata,

Ina gaishe ki, da fatan kowa lafiya. Saƙonki ya iso, na ji an ba ki hutu kina hanya.

An sami canji. Nas ce ta ce tunda Inna makitsiya ce, a ba ta kai ta kitsa mana a gani. Na kawo mataji da tsinke, na tsefe, na zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Kin dai san Inna ba ta taɓa yi mini kitso ba. Ke take ajiye wa hannunta, ni ta tura ni wurin 'yan koyo, wai gashina tsintsiya ne, karya mata mataji yake. Har sunan ya bi ni.

Yaya, sai ta natsu. Tsagar a karkace take, amma ba ta ja da zafi. Ta shafa mini mai, tana faɗa a hankali wai wa ya bar wa Gimbiyarta gashi ya bushe haka. Na amsa sunan, wallahi na amsa. Ashe abin da kike ji ke nan shekara da shekaru? Kishinki ya turnuƙe ni har na yi hawaye, ta share mini da bakin mayafinta. Ranar ta ci abinci, ta yi barci.

Washegari da safe ta dubi kaina ta tambayi wace muguwa ce ta yi mini wannan aika-aikar. Na ce wata 'yar koyo ce. Yanzu kullum da rana sai na tsefe, don ta sami aikin yamma.

Na san kina isowa hannunta zai gane gashin gaske, ni kuma in koma riƙe kwalbar mai. Ba zan hana ki uwarki ba. Ki zo da safe, lokacin da ta san kowa, ki sha hirarki har ki ƙoshi. Amma in rana ta karkata, don Allah ki ɗaura ɗankwalinki ki fita. Kin daɗe kina zama tsakanin ƙafafunta. Yamma tawa ce, ko da da sunanki ne.

Allah ya kawo ki lafiya.
Taki, Tsintsiya