Ni Ne Ba Kowa

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya uwarki da ƙafar tata? Yaya maigidanki da jikokina? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, shi ma kada ki faɗa mata.

Kin san shekara goma sha tara ni ke kunna fitilu da na'urar sanyi a ginin nan. To, sun kawo wani injiniya, a haife na haife shi, ya karɓe makullaina, ya liƙa wasu idanu a bango, wai su za su riƙa kunnawa da kashewa don a rage shan wuta. In na zauna shiru a ɗakin gadi, sai fitila ta mutu. Na kai kuka, ya yi dariya gaban masu shara, ya ce, "Baba, na'ura ta ce ba kowa a ɗakin." Ni ne ba kowa!

Ranar Talata masu duba gini suka zo. In sun yaba aikin idanun, sallamata za a yi. Na cika butar shayi da tafasasshen ruwa, na ɓoye ta bayan labulen ɗakin taro, ƙarƙashin idon da ke auna zafi. Na'ura ta ɗauka ɗakin ya yi zafi, sanyi ya yi ta kwarara har baƙi suka fice suna kyarma, ba su sa hannu ba. Injiniya ya zo yana haki: "Baba, wa ya shiga ɗakin taro?"

Na ce, "Ba kowa."

Wata mai zuwa za su dawo. Ki aiko min da maganin tarin nan, babbar buta kam na riga na saya. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.